Na Raka 'Yar Yaya Jarrabawar Nas a Manila

Wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya daɗe a Jidda yana sana'ar ɗinki. A can ya auri wata nas 'yar ƙasar Filifin, Musulma, daga ƙabilar Maranao ta kudancin ƙasarsu, Allah ya ba su 'ya mace guda ɗaya. Yarinyar tana da shekara tara ya rasu, uwar ta tattara ta koma gida da ita. Tun daga nan zumuncinmu ya koma na waya: barka da sallah, hoto, sai ɗan abin da ya samu a aika. Sau ɗaya tak aka taɓa kawo ta Kano, tana goye.

A watan Agustan 2023 ta kira ni. Ta ce, "Gwaggo, na gama makaranta. Nuwamba zan zauna jarrabawar lasisi. Kowa babansa ne zai raka shi bakin ƙofa." Daga nan ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Ni kaina nas ce, shekarata 26 ina aiki a asibitin gwamnati a Kano, kuma a gidanmu an ce sha'awata ce ta ja ta wannan aiki. Da na kai maganar gaban babban yayanmu, cewa ya yi, "Ki je, amma ki taho mana da ita. Jininmu ba zai ƙare a bayan teku ba." Har an fara raɗe-raɗin wani ɗan ƙanwarmu da ya gama hidimar ƙasa. Da wannan saƙo na tafi, ban kuwa faɗa wa yarinyar ba.

Biza ta sa na je Abuja sau biyu, da wasiƙar gayyata, da bayanan banki, da takardar hutu daga wurin aiki, da katin rigakafin shawara. Tikiti ya lashe sama da naira miliyan ɗaya da rabi, don a lokacin dala ta haura dubu a Wapa. Kuɗin adashina na ɗauka, na haɗa da awarwaro biyu da na ajiye tun shekarar da na sauke farali.

Ranar Lahadi 5 ga Nuwamba bayan asuba na hau mota a Unguwa Uku. Shingayen jami'an tsaro na hanyar Zariya ba su ɓata mana lokaci ba. A Rigasa na shiga jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana gidan wata ƙawata, washegari muka tashi zuwa Doha. A ƙofar shiga jirgin Manila na fara ganin abin da zan je in tarar: kusan duka mata ne, ƙanana ƙanana, kowace da jaka cike da tsaraba, masu aikin gida da na shago da na asibiti, daga Riyad da Kuwait da Dubai. Wadda muka zauna tare nas ce a ɗakin masu wankin ƙoda, shekararta biyu rabonta da ɗanta. Awa tara muka yi a sama. Da tayar jirgi ta taɓa ƙasa sai tafi ya ɓarke, na waiga na ga wasu na share hawaye.

Jami'in shige da fice ya juya koren fasfo ɗina, ya duba lambar rajistar da na cike ta intanet, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce 'yar wana ce za ta zauna jarrabawar nas. Nan take fuskarsa ta sake. "Bod?" in ji shi. Haka suke kiran ta, kalma ɗaya, kowa ya san ta. Ya ce ƙanwarsa ma bara ta ci, ya buga hatimi, ya ce in gaishe ta. A gaba kuma aka buɗe jakata aka ci karo da kilishin naira 15,000 da na saya a Agadasawa. Ba a shiga da nama ƙasarsu sai da izini, laifina ne da ban bincika ba. Ina kallo aka jefa shi a kwando. Yajin dai ya tsira, da atamfa da turaren wuta.

A waje iska ta buge ni kamar an buɗe tukunyar dambu. Na baro Kano hunturu na shirin shigowa, leɓe na tsagewa, na faɗo inda gumi ba ya bushewa. Ina dube-dube sai ga wata doguwar yarinya ta kama hannuna na dama ta ɗora a goshinta, yadda suke gaida manya. Da ta ɗago ta yi murmushi sai na ga wushiryar Yaya. "Sannu da zuwa, Gwaggo. Ina gajiya?" Hausarta ta tsaya inda mahaifinta ya bar ta, Hausar 'yar shekara tara, sauran sai mu cike da Turanci da Larabci. Uwarta, wadda nake kira Anti tun tana amarya, ta rungume ni tana cewa, "Hajiya, kin tsufa." Na ce mata ai tare muka tsufa.

Motar Grab, irin ta haya da ake kira ta waya, ta kai mu unguwar Quiapo a kan peso 400 da 'yan kai. Peso ɗaya a lokacin kusan naira 20 ne, kuma wannan lissafin bai bar kaina ba har na dawo. Ko'ina fitilu masu siffar tauraro da waƙoƙin Kirsimeti. Na ce yau fa 7 ga Nuwamba. Anti ta ce su tun Satumba suke farawa.

Ɗakinsu ɗaya ne a saman wani shago, mutum shida ke kwana ciki, don haka na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da su a kan peso 900 kowane dare. Asalinsu mutanen Marawi ne. A 2017 aka yi wata biyar ana yaƙi a garin tsakanin sojoji da 'yan bindiga, daga Mayu zuwa Oktoba, gidan iyayen Anti yana cikin ɓangaren da ya zama kufai. Suka gudo Manila wurin dangi. Ciwon baya ya raba ta da aikin asibiti, yanzu hijabai da abaya take sayarwa a bakin Masallacin Zinare, wanda aka gina a 1976 saboda ziyarar Gaddafi, shi kuwa bai zo ba. In ka tsaya a layin nan, da masu turare da masu dabino da kiran sallah, sai ka rantse bayan masallacin Fagge kake, in ban da fuskoki.

Da na tashi yin sallar isha'i na shimfiɗa darduma na fuskanci inda na ga alamar gabas ce. Yarinyar ta kama kafaɗata ta juya ni. A can alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Mu da muka tashi "gabas" da "alƙibla" kalma ɗaya ce a bakinmu, har muna ce wa mutum ya dubi gabas ya faɗi gaskiya, sai ga ni ina ba wa gabas baya ina kabbara. Kwana goma na yi, kullum sai na ɗan tsaya kafin in tayar.

Abinci bai wahalar da ni ba muddin ina cikin unguwar. Akwai wani da suke kira pastil: shinkafa ce da dambun kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, peso 25, ana sa masa wani yaji nasu na albasa da citta da barkono mai suna palapa. Akwai kaza da aka dafa da kwakwa da kurkum. Shinkafa safe, rana, dare, har na fara mafarkin tuwon dawa. Da an fita unguwar kuwa sai taka-tsantsan, don alade ya shiga kusan komai. Kalmar farko da aka koya mini ita ce "baboy", wato alade, don in riƙa tambaya.

Ranar Laraba ta kai ni Sampaloc, inda take bitar karatu. Mun hau jifni, wata doguwar mota mai benci biyu suna kallon juna, peso 13. Babu kwandasta. Za ka ce "bayad po" ka miƙa wa na kusa da kai kuɗi, ya miƙa wa na gaba, har su isa hannun direba, canji ma ya biyo ta wannan hanya ya dawo maka cif. Na tuna rigimar canji a A Daidaita Sahu, na yi dariya ni kaɗai.

Sampaloc unguwar jami'o'i ce, a nan kuma, kan titin P. Paredes, hedikwatar PRC take, hukumar da ke shirya jarrabawar lasisi ta nas da likita da injiniya da akanta da malamin makaranta. Kewaye da ita kasuwa ce guda ta jarrabawa. Masu ɗaukar hoton fasfo, masu sayar da doguwar ambulan da fensir mai lamba 2, da cibiyoyin bita hawa-hawa. Kowace cibiya ta rataya ƙaton allo da hotunan ɗalibanta da suka shiga goman farko a ƙasa, da makin kowa har ɗigo, kamar fastocin 'yan takara. Kuɗin rajistar jarrabawar a lokacin peso 900 ne kacal. Kuɗin bita ya ninka shi fiye da sau goma, ga hayar gado na wata uku ko huɗu ga waɗanda suka zo daga larduna. Na shiga ɗakin ƙawayenta biyu: gadaje masu hawa biyu, bango duk an lulluɓe shi da manyan takardu, adadin sinadaran jini, alluran rigakafin yara, matakan naƙuda. Har bayan ƙofar banɗaki ba a bari ba.

A lokacin sau biyu ake yin jarrabawar a shekara, Mayu da Nuwamba, daidai da tamu ta Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma. Amma su sai mai digiri na shekara huɗu ke zama, babu hanyar makarantar jinya ta shekara uku irin wadda na bi. Takarda biyar ce, kowace tambaya 100 ta zaɓi, uku ranar farko, biyu rana ta biyu: lafiyar al'umma, uwa da jariri, sai uku a kan jinyar masu cutar jiki da ta ƙwaƙwalwa. Dokar aikin jinya ta 2002 ta ce sai jimillar makinka ta kai kashi 75, kuma kada ka gaza 60 a ko ɗaya daga ciki. Mu 50 muke nema mu yi hamdala.

Yaran suka ce sai sun gwada ni. Tambaya goma, na ci shida, suka yi ta kyalkyala dariya. Tambayoyin ba na hadda ba ne, irin waɗanda amsa huɗun duk daidai ne, a ce wanne za ki fara yi. Wata kuma ban da ta cewa: ashe ma'aikatar lafiyarsu ta amince da tsirrai goma na gargajiya, kuma suna fitowa a jarrabawa. Ganyen gwaiba don wanke ciwo, tafarnuwa, wani ɗan'uwan garafuninmu don ciwon suga, da yadda za a dafa da adadin da za a sha. Mu da muke korar tsofaffi da ƙullin sassaƙe daga ɗakin haihuwa, ba mu taɓa zama mun tace wanne ne mai amfani mun koya wa ɗalibai ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne babu gwajin hannu. Mu sai ka tsaya gaban masu jarrabawa ka yi aiki suna kallo. Su takardar shaidar awannin da ka yi a asibiti makaranta ke bayarwa, sauran fensir ne. Kuma waɗannan yaran a 2019 suka shiga, a watan Maris na 2020 korona ta rufe ƙasar, suka yi kusan shekara biyu suna karatu ta waya. 'Yar Yaya ta ce a jikin lemo ta koyi allura, wankan majiyyaci kuma uwarta ta kwanta ta yi mata, malama na kallo ta bidiyo. Da muka koma gida na miƙa mata hannu na ce ta auna jinina, ta nemo mini jijiya. Hannunta bai yi rawa ba, sai dai akwai saura. Wata shida a ɗakin marasa lafiya zai gyara wannan, ban dai faɗa mata a daren ba.

Alhamis ƙawayen nata, su Kirista ne, suka ce za su cocin Saint Jude kusa da fadar shugaban ƙasa, na bi su na tsaya daga waje. Ɗaruruwan matasa, kowa ya ɗaga ambulan da fensira sama, fada na yayyafa musu ruwa. A hanya suka zayyana mini sauran: a sa jan kamfai, a sa kwabo cikin takalmi, in an gama takarda ta ƙarshe a shuri kujera, a karya fensir, a fita ba waiwaye, don kada a sake dawowa. Sannan fensirin, wanda ya riga ya ci jarrabawa ne zai feƙe maka. Sai ɗayarsu ta ce ai ga nas mai shekara 26 a gabansu. Na ce wannan camfi ne, babu ruwana. Suka marairaice, suna "Tita, Tita", wato gwaggo ko inna a bakinsu. Ƙarshenta na zauna bakin gado na feƙe fensir tara, ina bisimilla a kan kowanne. Ina yi ina tuna 1997, daren tawa jarrabawar, da Inna ta kawo mini rubutu a kofin silba ta tsaya a kaina sai da na shanye, da safe kuma aka raba waina sadaka.

Juma'a muka yi sallah a Masallacin Zinare, liman ya sa masu jarrabawa a addu'a. Tsallaken titi kuma cocin Quiapo ya cika ya batse, don su ma Juma'a ce ranarsu. Da la'asar muka je makarantar sakandaren da aka tura ta, ta nemo ajinta da lambar kujerarta, muka auna tsawon tafiyar.

Asabar 11 ga wata ƙarfe uku da rabi muka tashi. Asuba a can kafin biyar take. Ta sa farin yunifom ba tambarin makaranta, farin takalmi, farin hijabi, ta riƙe ambulan mai nuna abin da ke ciki: takardar izinin shiga, fensira, biro baƙi, ruwa da pastil biyu. Waya a hannuna ta bar ta. Biyar da rabi muna bakin ƙofa, don wanda ya makara ba a barin sa ya shiga. Titin ya yi fari fat, kamar filin Idi. Ma'aikatan cibiyoyin bita na kaɗa ganga suna kiran ɗalibansu suna raba musu abinci. Wani dattijo da ƙafarsa duk kaushin gona ya dafa kan 'yarsa ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Ni ma na dafa nata na karanta abin da ya sawwaƙa. Ta ce, "Gwaggo, ki ce abin da Baba yake cewa." Na rasa me Yaya yake cewa. Na ce, "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a." Ta gyaɗa kai, ta ce shi ne.

Daga nan sai jira, daga takwas har huɗu da rabi. Iyaye suka baje kwalaye a gefen titi, da lema da carbi, nasu da namu. Wata mata da ke kusa da ni ta kalli lulluɓina ta ce, "Hajja, Nijeriya?" da Larabcin asibiti. Nas ce a Jidda, ta ɗauki hutu ta rako ɗan ƙaninta da take biya wa makaranta. Ta san mutanenmu sarai, har ta iya cewa "sannu" da "ina ke ciwo". Ita ta cinye mini wunin da labari.

A watan Yunin 2006 ta zauna tata jarrabawar, shekarar da tambayoyin takarda ta uku da ta biyar suka fita kafin lokaci. Mutum kusan 42,000 suka zauna, wajen 17,000 suka ci, ita ma tana ciki, kuma ta rantse ba ta ga komai ba. Wasu ɗalibai a garin Baguio ne suka fara tona maganar. Aka yi ta shari'a, aka dakatar da rantsarwa, sannan hukumar Amurka da ke tantance nas-nas na waje ta ce ba za ta karɓi 'yan wannan zama ba sai sun sake waɗannan takardu biyu. A 2007 ta koma ta sake. Ta ce shekara da shekaru in ta je neman aiki aka ga "Yuni 2006" sai an ɗaga kai an kalle ta.

Ta fito kuma a lokacin da nas suka yi yawa kamar ƙasa. Kowane gida na son ɗa ya tafi Amurka, makarantun jinya suka tsiro ko'ina, har likitoci na komawa aji su zama nas don su samu fita. A zama ɗaya sai mutum sama da 80,000 su shiga, ko rabi ba sa ci. Sai ƙofar Amurka ta ƙuntace. Ta ce da kuɗinta ta biya wani asibiti don a bar ta ta yi aikin sa kai ta samu takardar gogewa, daga baya ta yi shekara uku tana amsa wayar kwastomomin Amurka cikin dare, kafin Saudiyya ta samu. Gwamnati ta hana buɗe sababbin kwasa-kwasan jinya daga 2011, ba a ɗage ba sai 2022, bayan korona ta nuna asibitocinsu ba ma'aikata. Har ƙayyade adadin masu fita aka yi a lokacin annobar.

Wannan hanya ba yau aka share ta ba. Tun 1906, zamanin mulkin Amurka, aka buɗe makarantar jinya a Iloilo, da Turanci da tsarin Amurka, kuma da Amurka ta sauya dokar shige da ficenta a 1965 sai aka yi ta kwarara. Gwaggon matar nan tun shekarun 1970 take Chicago. Sai na tuna malamar da ta koya mana kimiyya a sakandaren 'yan mata, 'yar Filifin ce, da 'yar lemarta cikin ranar Kano. A lokacin mu ne muke ɗaukar su aiki.

Na tambaye ta albashi. Ta ce sabuwar nas a asibitin gwamnati tana farawa da peso 36,000 da wani abu, sai dai gurbin kaɗan ne, kuma asibitocin kuɗi da yawa ba sa biyan ko rabin haka, shi ya sa kowa ke neman hanya. Ita tana faɗa da takaici, ni kuwa ina ninkawa da ashirin a zuci. Ya haura naira 700,000. Ni da shekara 26 da furfura ban kai nan ba. Na gyara zama a kan kwalina, ban ce komai ba.

Lahadi kafin ƙarfe biyu aka buɗe ƙofa. Suka fito da ihu da kuka, ƙarar karya fensir ta ko'ina kamar ana karya kara. 'Yar Yaya ta fito a hankali, idanu sun faɗa. Ta ce takarda ta uku ta yi mata nauyi. Ɗaya fensirin ta ba wa ƙawarta ta karya, ɗayan ta sa mini a jaka. Ta yi barcin awa goma sha huɗu.

Mun zaga tsohon birni na Intramuros da bakin teku, na sayi tsaraba a Divisoria, wadda Kantin Kwari ce aka ɗora wa Sabon Gari. Saura kwana biyu in tafi na ga dole in sauke saƙo. Muna zaune a ɗakina da dare na ce, "'Yata, gidan ubanki na nan. Ɗakinsa ma ba a ba kowa ba. Ki zo ki yi aiki cikin danginki." Na faɗa mata gaskiya cewa sai ta yi zaman sabawa ta sake jarrabawar hukumarmu.

Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta. Sannan ta ce ƙanwar mamanta da ke Riyad ita ta biya mata shekara huɗun nan, har da bita, ba ta yi aure ba, ba ta gina ko ɗaki ba. Yanzu akwai yara uku a dangi da ke jiran layi, ɗaya a 2024 zai shiga jami'a, kuma ita ce za ta biya masa. Suna da suna ga wannan, "utang na loob", bashin da ke cikin zuciya, wanda ba a rubutawa kuma ba a gama biya. Ta riga ta tsara: shekara biyu a kowane asibiti ya ɗauke ta a Manila, komai ƙanƙantar albashi, don takardar gogewa, sannan jarrabawar Saudiyya. Ƙawayenta Amurka suke hari, tun 2007 ake zama jarrabawar Amurkan a nan Manila. "Ni Jidda nake so, Gwaggo. Kabarin Baba na can. Kuma daga can Kano ba nisa."

Anti na bakin ƙofa tana jinmu. Ta ce, "Hajiya, nawa za a ba ta a Kano?" Ba gatse ta yi ba, tambaya ce. Na faɗa mata. Ta buga a wayarta ta mayar peso, ta sake bugawa, ta ɗauka ta yi kuskure. Maganar ɗan ƙanwarmu ko tayar da ita ban yi ba. A ɗakin da nake shugabanta ma, yara huɗu da na horar da hannuna suna Ingila yanzu, ni na sa hannu a takardunsu.

Juma'a 17 ga wata na taso. A filin jirgi layin masu fita aiki waje daban ne, ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba. Dawowar ba wani labari, sai jakata da ta kwana a hanya ta iso bayana. Na iso Kano na tarar hazo ya sauka, babban yayanmu na zaure yana leƙen bayana ko akwai wata.

Farkon Disamba ina wurin aiki wayata ta yi ƙara. Ban ji komai ba sai ihu da kukan Anti, can sai muryarta: "Gwaggo, na ci!" Ta turo mini jerin sunayen. Mutum 32,203 suka zauna, 25,761 suka ci, kashi 80 cikin ɗari. Na yi ta ja da yatsa, shafi bayan shafi na sunaye irin na Sifaniyawa, har na iso kan sunan kakanmu, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, an rubuta shi da manyan baƙaƙe. Ƙawayenta ɗaya ta ci, ɗayar sai Mayu. Wadda ba ta ci ba ta aiko mini cewa in shirya, za ta turo fensir ta hannun wani in sake feƙewa.

'Yar Yaya ta fara aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi, yawanci dare take yi, idan ta fito da safe mu nan tsakar dare ne, sai in tashi in tarar da saƙonta. Babban yayanmu har yanzu yana tambaya yaushe za ta taho, ina ce masa ta fara aiki tukuna. Fensirin da ta sa mini a jaka yana aljihun farin kayana. Da shi nake tsara jadawalin aikin ɗakinmu, don biro ba ya goguwa. Watan jiya na goge suna biyu.